Kwanon Alhamis

Litinin, da hantsi

Mama Shugaba, wadda ke jan zumuntar mata, ita ta sa ni wannan rubutu. Jiya bayan sujada ta tsare ni a ƙofar majami'a, ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce wanda ya yi godiya ranar daɗi bai yi abin a zo a gani ba, a ranar wuya ake gane Kirista. Wai kullum in nemi abin da zan gode wa Ubangiji a kai, komai ƙanƙantarsa, in rubuta kada Shaiɗan ya sace mini shi. Na ce to, Mama. Me zan ce? Mata suna tsaye a bayanta, kowace ta yi kamar tana gyara ɗankwali, kunnuwa kuwa duk suna wajena.

To ga ta nan. Na gode wa Allah da gawayi ya kama da wuri, dutsen guga ya yi zafi kafin rana ta ɗaga. Na gode wa Allah da har yanzu akwai masu kawo mini wanki, ko da yake matar mai kantin magani ta aiko an karɓe zannuwan gadonta ba a wanke ba. Wai tafiya za su yi. Da na fita zubar da ruwa na ga motarsu a inda take kwana.

Maigida yana ɗaki. Tun Talatar nan da ya yi hatsari da yaran makaranta a mota bai leƙa waje ba. Mutanen makaranta sun zo sun karɓi makullin motar ɗaukar yara, sun ce ya zauna a gida sai kwamiti ya neme shi. Idan kwamiti ya ce tsautsayi ne, shi ke nan. Idan ya ce sakaci ne, za a miƙa shi ga hukuma, kuma mutum mai shekarunsa in ya shiga can ba na jin zai fito da ƙafafunsa. Na rubuta wannan sau ɗaya don in san na rubuta, ba zan ƙara ba.

Talata, tsakar rana

Talata. Ban taɓa aikin komai ba. Na gode wa Allah.

Laraba, da yamma

An sa mu a layin kwano. Haka muke yi a zumunta: in wahala ta faɗa gidan wata, kullum a kai mata abinci, bi da bi, yadda muke zama a benci. Yanzu gida biyu ne a cikin wahala, sai Mama Shugaba ta raba mu, masu zama wajen taga su kai gidan Mai Ɗinki, masu zama wajen ƙofa su kawo mana. Dokar kuma ita ce ba a ajiye kwano a juya. Mai kawowa da mai karɓa sai sun durƙusa tare, kowace ta faɗi abu ɗaya da ta gode wa Allah a kai, a ce amin, sannan a rabu. Na sha kai wa mutane, da bakin nan nawa na sha yabon dokar. Ban san nauyinta ba sai da kwano ya juyo gidana.

Mai Ɗinki ita ce uwar yarinyar da ta ji rauni a hatsarin. Sauran yaran an sallame su tun ranar, ƙujewa ce kawai da firgita. Ita kaɗai ce har yanzu take kwance, don ita ce a kujerar gaba.

Yau matar mai gadin majami'a ce ta kawo. Gwiwoyinta suna ƙasa, idanunta suna yawo: labulen ɗaki, takalman maigida, ƙarƙashin tebur. Ta gode wa Allah da akuyarta ta haihu, sannan tun kafin in ce amin ta tambaya ko Baba yana samun barci kuwa. Na ce yana samu. Kafin gari ya waye za a ji a duk layin cewa yana ta sharar barci, 'yar mutane tana asibiti.

Alhamis, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Ina tsakiyar guge farar rigar wani malami aka yi sallama. Na ɗaga labule, sai ga Mai Ɗinki da kwano a hannu, ta ɗaure shi da ragowar yadi. Ashe wajen ƙofa take zama, kuma Alhamis ta faɗo kanta. Mama Shugaba ta ce an ɗauke mata, ita ta ce layinta layinta ne. Daga asibiti ta biyo, warin maganin can yana jikinta.

Muka durƙusa a kan tabarma tsakanin tulin wanki. Ta ce in fara, ni ce babba. Kaina ya ɗauki zafi, na nemi abin godiya sama da ƙasa na rasa, sai bakina ya ɗauko wadda na saba faɗa wa kowa tun ranar.

"Na gode wa Allah da ya fito mini da maigidana lafiya, ko ƙwarzane babu."

Sai da maganar ta fita na ji ta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina jin gawayi yana ƙara a cikin dutsen guga. Can ta ce amin. Ta ce ita kuma ta gode wa Allah da yarinyar ta sha ruwa da kanta yau. Na ce amin. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta tafi. Da na waiwaya, rigar malamin ta ƙone a kafaɗa.

Amin ɗin nan tata ita ta hana ni sukuni. Da zagina ta yi, da na san inda na tsaya. Wace uwa ce za ta baro 'yarta a gadon asibiti ta zo ta ciyar da gidan direba? Da walakin, goro a miya.

Ban buɗe kwanon ba. Na kai bayan ɗaki na juye wa kajin maƙwabta, na tsaya na ga sun cinye.

Jumma'a, da sassafe

Kajin suna nan garau. Na gode wa Allah, ko da yake ban san ko domin kajin nake godiya ba.

Asabar, da rana

Ƙanin maigida ya zo, makanike, da hannayensa baƙi ƙirin ya zauna mini a kan gogaggun kaya. Ya ce magana ɗaya ce, birki. Duk wanda ya tambaya, a ce birki ne ya tsinke. Mota ta tsufa, makaranta ta ƙi gyara, kowa ya san haka. Ya ce kwamiti ya fara kiran iyayen yara ɗaya bayan ɗaya, kuma maganar Mai Ɗinki ce za ta fi nauyi, tunda ita abin ya shafa. Da na gaya masa ta kawo abinci, ya dube ni kamar na ce masa na haɗiye ƙusa.

"Yaya, leƙen asiri ta zo yi. Kada ki bari ta ga mijinki."

Ban tambaye shi abin da za ta gani ba, shi ma bai faɗa ba. Muka dubi ƙofar ɗaki.

Maigida bai ce birki ba, bai ce ba birki ba. Da ƙaninsa ya tafi, ya tambaye ni labarin Kwandasta. Haka yake kiran yarinyar, wai don kullum ita ke rigan kowa hawa gaba. Na ce tana samun sauƙi. Ya ce in karanta masa Zabura, na karanta, yadda nake yi tun bara.

Na gode wa Allah da malamin bai yi faɗa a kan rigarsa ba. Bai kuma kawo wata ba.

Lahadi, bayan sujada

Na je ni kaɗai. Bencinmu ya yi faɗi yau, mata sun matsa mini fili har na iya ajiye jaka hagu da dama.

Da Fasto ya ce masu shaida su fito, Mai Ɗinki ta tashi. Ta ce ta gode wa Ubangiji wanda ba abin da ke ɓoye a gare shi, wanda ya san abin da kowa ya yi da abin da kowa ya ƙi yi. Ba ta dubi inda nake ba ko sau ɗaya, rashin duban ma shi ya fi damuna. Jama'a suka ce amin, ni ma na ce, da ƙarfi har ta gabana ta waiwayo.

Na san abin da ake cewa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To ni ba kaza a aljihuna. Gajiya ce kawai.

Litinin, da magariba

Na kawar da kujerar tsakar ɗaki, na mayar da bokiti bayan ƙofa. Ba wani dalili, ɗakin ne ya yi cunkoso. Na saya wa maigida babban kofi mai faɗin baki, ƙaramin nan yana yawan zubar da shayi a tebur.

Na gode wa Allah domin babban kofi.

Laraba, da hantsi

Gobe Alhamis.

Alhamis, da yamma

Na shirya mata. Na ce wa maigida ya kwanta, na ja ƙofa, na rataye gogaggun kaya a igiyar da ke bakin ɗaki don su tare. Godiyata ma tun safe na zaɓe ta na haddace, a kan ruwan famfo da ya dawo, wadda ba za ta taɓa kowa ba.

Ta zo da kwanon nan dai. Mun durƙusa ke nan na ji ƙofa ta yi ƙara. Muryarta ya ji. Ya fito yana dafa bango, ya rusuna, tsoho da shi, ya ce sannu 'yata, yaya Kwandasta, yaya jikin nata. Sai dai ba ita yake fuskanta ba. Wata doguwar riga shuɗiya ce ta matar Fasto a rataye a igiya, ita yake gaisarwa. Mai Ɗinki tana gefe, ta hannun hagunsa.

Yamma ce, ɗakin ba haske. Kowa ma zai iya yin wannan kuskure.

Na buɗe baki in yi wata magana, ta riga ni. Ta tashi a hankali ta je ta tsaya daidai gaban rigar, ta amsa daga can. Ta ce da sauƙi, Baba, tana gaishe ka. Suka gama gaisuwa ya koma ciki. Ta dawo ta durƙusa kamar ba abin da ya faru, ta gode wa Allah da likita ya ce a fara zaunar da yarinyar. Ni kuwa famfon ya ɓace mini, na ce na gode wa Allah domin komai da komai.

Ta gani. Ba ta yi mamaki ba, abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Wanda ya ga sabon abu yakan ɗan yi turus. Ita ko gira ba ta ɗaga ba, ta matsa kawai yadda ake matsawa a ba mai kaya hanya. Ke nan tabbatarwa ta zo yi. Wa ya gaya mata? Matar mai gadi? Mai kantin magani, da muka taɓa sayen maganin ɗigawa a ido a wurinsa?

Kaji sun ci shinkafa da wake.

Jumma'a, tsakar rana

Na gode wa Allah. Na gode wa Allah. Na gode wa Allah. Mama Shugaba ta ce in an yi ta faɗa, zuciya za ta biyo baki. Tawa ba ta taso ba tukuna.

Lahadi, da yamma

Na tari Mama Shugaba na roƙe ta a cire mu daga layin kwano, na ce mun samu sauƙi, muna iya girki. Ta ce girman kai ne, wanda ba ya iya karɓa ba ya iya godiya. Na ce to a canja mana ta ranar Alhamis, ai tausayi ne, mace da jinya a kanta. Ta ce sau biyu tana yi mata tayin haka, ta ƙi. Sai ta ƙara da cewa in gode wa Allah da ya ba ni 'yar'uwa mai irin wannan zuciya.

Kowa godiya yake aiko ni yi. Ita Mama mijinta yana kan kujerar dattawa da tabarau a hanci yana bin waƙa layi-layi. Da sauƙi a ce wa wani ya gode.

Talata, da hantsi

Yau ba ni da godiya. In Ubangiji yana so, ya duba ta jiya.

Alhamis, da magariba

Ba ta zo ba. Maƙwabciyarta ta aiko da kwanon, wai an riƙe ta a asibiti. Na yi ta addu'a kada ta zo, yau da ba ta zo ba kuma na kasa zama. Na fita na tsaya bakin titi kamar mai jiran bashi. Mai gyaran takalma na kan kwana ya ce ya ga ta shiga makaranta da safe, ta daɗe a ciki. Asibiti dai, in ji maƙwabciya.

Na dawo na tarar da maigida ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ya ce ya ji kamar sallamarta. Na ce ba ita ba ce. Ya ce kajin mutane suna yawan taruwa a bayan ɗakinmu ranar Alhamis. Na ce kaji ai ba su san ranaku ba.

Asabar, da sassafe

Saƙon kwamiti ya zo. Jumma'a mai zuwa, da safe, a ofishin shugaban makaranta.

Na wanke farar rigar maigida, na sa mata sitaci, na goge har sau biyu. Ƙaninsa ya zo ya koya masa yadda zai shiga: ya bi bayan wani, ya dafa kujera kafin ya zauna, in an miƙo takarda ya ce ya bar tabarau a gida. Birki, birki, birki. Maigida yana ta cewa to.

Bara ne likitan ido ya ce mu dawo bayan wata guda. Ba mu koma ba. Saura kaɗan ya ajiye aiki da haƙƙinsa cikakke, kuma hanyar nan ya san ta kamar tafin hannunsa, ko a mafarki zai bi ta. Wani ne ya faɗi haka a ɗakin nan, a kan tabarmar nan. Ba shi ba ne, kuma mu biyu ne a ɗakin.

Na gode wa Allah domin sitaci.

Litinin, da rana

Matar mai kantin magani ta aiko da zannuwan gadonta. Me ta ji? Ko so take ta samu hanyar shigowa ta gani da idonta? Na karɓa. Na wanke su fes, ta rasa abin faɗa.

Laraba, da yamma

Gobe Alhamis, jibi Jumma'a.

Alhamis, bayan faɗuwar rana

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Ta zo da wuri. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Ta ajiye kwano muka durƙusa, ta ce in fara. Na ce yau ba zan fara ba, kuma ba zan ƙare ba. Na ce 'yar'uwa, mu bar wasa da sunan Allah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Me kike nema a gidana? Me za ki faɗa musu gobe?

Ba ta tashi daga durƙuson ba. Ta ce sun kira ta makon jiya, sun tambaya ko yarinyar ta taɓa faɗin wani abu game da direba. Ta ce su ba ta lokaci. Sai ta tambaye ni ko na san abin da ya sa Baba yake kiran 'yarta Kwandasta. Na ce don tana son zaman gaba.

Ta girgiza kai. Ta ce wasa ne suke yi su biyu tun farkon shekara. Yarinyar ta zauna a gaba tana faɗa masa hanya: Baba ga rami, Baba ga mai keke ta dama, Baba jan wuta. Shi kuma ya ce madalla da Kwandasta. Kullum in ta dawo gida sai ta ba da labarin abin da ta nuna masa, tana alfahari.

Wannan ban sani ba. Allah ne shaidata, wannan ban sani ba.

"Da farko dariya nake yi," in ji ta. "Daga baya na gane ba wasa ba ne. Na gane sarai, Mama. Amma in ba motar nan ba, ba ni da yadda zan kai ta makaranta in buɗe shago. Sai na riƙa tashinta da wuri don kada wani yaro ya riga ta kujerar. Na ce ai gara mai ido ta zauna a wurin. Da hannuna na ɗora ta."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na zauna daɓas a kan wankin mutane.

Na ce to abincin fa? Ta ce layinta ne. Sannan ta ce ba shi kaɗai ba. Duk wanda ya shiga asibiti sai ya ce mata ba laifinta, ta gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Ta gaji da jin haka. Ranar da ta fara zuwa, da na yi waccan godiyar, ta ga yadda fuskata ta koma, ta san ta samu irinta.

"Gidan nan kaɗai nake shiga in huta. Ke ma kin san yadda ake sanin abu a yi shiru."

Na tambaye ta ko za ta rufa mana asiri. Har hannunta na kama, ni da na girme ta nesa ba kusa ba. Ta ce a'a. Ta ce gobe za ta faɗi gaskiya, tasa da tata, ba za ta rage ko ɗaya ba, don yarinyar za ta girma ta tambaya. Ta zo ne ta gaya mana da bakinta kada mu ji a can.

Na tsane ta a lokacin. Na rubuta don gaskiya ne. Makonni ina zarginta da munafunci, da ta zo mini da gaskiya tsirara kuma na fi tsanarta.

Ta ce ba a ajiye kwano a juya. Ta rufe ido ta gode wa Allah da ya ba ta bakin faɗa. Ta jira tawa. Da ta ga babu, ta ce amin ita kaɗai ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ta kusa mantawa, yarinyar ta ba ta saƙo. Wai a tambayi Baba, yanzu da take kwance, wa yake nuna masa hanya.

Ƙofar ɗaki a buɗe take. Ban san tun yaushe ba.

Aka kunna fitila. Sannan maigida ya ce, Maman yara, kawo kwanon nan, yau kaji su haƙura. Na kawo na kwance ƙyallen. Shinkafa ce da miya, ta huce. Ba gishiri ko kaɗan, ta manta. Wa ya san ko duk sauran ma haka suke. Muka cinye tas.

Jumma'a, da asuba

Ya ce kada ƙaninsa ya raka mu. Ya ce in riƙe masa hannu, a fili, ta babban titi.

Jumma'a, da yamma

Maigida bai jira an kira Mai Ɗinki ba. Ana tambayarsa sunansa ya ce kafin komai yana da magana, ya faɗa musu tun daga likitan bara har zuwa wasan kujerar gaba. Birki lafiyarsa ƙalau, in ji shi. Bai ambace ni ba. Ni na tashi na ambaci kaina, shugaban ya ce in zauna ba a zo kaina ba. Mai Ɗinki ta faɗi nata yadda ta ce za ta faɗa, ba ta rage ba. A ƙarshe ta roƙa a sassauta masa. Shugaban ya ce abin ya wuce hannunsu, za su rubuta cewa da kansa ya faɗa. Litinin zai kai kansa wurin hukuma. Abin da na ce ba zan ƙara rubutawa ba, ga shi na rubuta.

Ƙaninsa ya aiko cewa mun kashe kanmu da kanmu. Wataƙila gaskiyarsa.

A ƙasa muka dawo. Rana ta take, mutane suna ƙofar shagunansu, mai kantin magani, mai gyaran takalma, kowa ya ga direban makaranta ana jansa da hannu. Na jira in ji kunya, ban ji ba. Shekara guda ina kawar masa da kujeru a ɓoye, ina canja kofi, ban taɓa buɗe baki na ce masa ga abu a gabanka ba, don faɗin haka yarda ce. Yarinya ƙarama ta ɗauki abin da na ƙi ɗauka.

Daidai kwanar gidanmu akwai inda ruwa ya cinye kwalta. Na ja hannunsa in kauce da shi shiru yadda na saba, sai na fasa. Na tsaya.

Na ce, "Baban yara, ga rami."

Ya tsaya, ya laluba da ƙafa, ya tsallake. Ya matse hannuna.

Ya ce, "Na gode."

Mama Shugaba ta ce in rubuta ta yau. Ban nemo ta ba, a hanya na ji ta. Alhamis mai zuwa ba na cikin layin masu taga, amma zan dafa in kai asibiti, in gaya wa Kwandasta an samu mai riƙe mata aiki kafin ta tashi.